Malami ya ce bayani nake yi ba nazari ba, me zan cire?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan matsayin mata, al'ada da zaman al'umma a ƙagaggun labaran yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Littattafai biyar na ɗauka, kowanne na karanta sau biyu, babi na biyu ya kai shafi 38. Malamin da ke duba ni ya dawo min da shi duk jan biro, wai bayani nake yi, ba nazari ba. Saura wata biyu in miƙa, barci ma ya gagare ni.

Malam Manazarci:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ba ki faɗi littattafan ba, amma biyar sun yi yawa. Riƙe uku masu tazarar zamani: Never Again na Flora Nwapa na 1975, Destination Biafra na Buchi Emecheta na 1982, da Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie na 2006. Nwapa ta ga yaƙin da idonta, Adichie kuwa sai 1977 aka haife ta. Wannan tazarar kaɗai babi ce.

Sai ki zana jadawali. Kowace mace layi ɗaya, gida uku: kafin yaƙi, cikinsa, bayansa. A kowane gida ki rubuta wa ke riƙe kuɗi, wa ke cewa a gudu ko a zauna, wa ke fita neman abin da gida zai ci. Nan za ki ga mata sun shiga fatauci ta tsallaken fagen daga, wanda ake kira afia attack, kuma a irin wannan tafiya Kainene, 'yar'uwar Olanna a littafin Adichie, ta ɓace. Kuskuren da ake yi shi ne a ga mace da bindiga, kamar Debbie ta Emecheta da ta shiga soja, a ce an sami 'yanci. Masana Margaret da Patrice Higonnet sun nuna a 1987 cewa yaƙi kan ɗaga mace zuwa aikin namiji, amma sai darajar ta koma ga wanda ke bakin daga, ratar da ke tsakanin mace da namiji tana nan. Gwada wannan a kan jadawalin.

Hajiya Mai Alƙalami:
Malam, da girmamawa, jadawali zai ƙara mata bayanin da aka ce ta rage. Ƙanwata, duba wa aka ba bakin magana. Adichie ta ba da labarin ta idon Ugwu, Olanna da Richard. Kainene, wadda ta fi kowa riƙe harka, ba a taɓa shigar da mu zuciyarta ba. Me ya sa? Abin da ke ci min rai, ɗalibai na ɗaukar ƙagaggen labari kamar takardar shaidar tarihi, su manta marubuci ya zaɓi abin da zai ɓoye.

Ɗan Laburare:
Ita ma kalmar al'ada a kula da ita. Kada a sa ta a matsayin abin da ke danne mace kawai. Dangi da ƙungiyar matan gari su ne ke karɓar 'yan gudun hijira. Kuma jerin karatu kullum Girls at War na Achebe, na Nwapa sai an sha wahala kafin a samu kwafi.

Ɗalibar Adabi:
Na gode. Amma ba zan iya cire biyu ba, babi na uku a kansu ya tsaya, kuma malamin da kansa ya amince da biyar tun farko. Jadawalin ma ina da irinsa.

Malam Manazarci:
In kina da shi, gidan "bayan yaƙi" cike yake? Galibi nan ne ake barin fili. Rage zuwa uku.

Hajiya Mai Alƙalami:
Bar ta da biyar ɗin, Malam, ta canza tambayar kawai.

Ɗalibar Adabi:
To wace tambaya ke nan, Hajiya? Ranar Litinin zan gan shi.