Jera kaya a cikin taga: me kuka gani da aka ja gefenta?

Ɗan_Koyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wata 'yar manhajar rajistar kaya da Python da Tkinter, kayan aikin Python na zana tagogin manhaja. Duk abin da ke cikin tagar da place na dasa shi, wato umarnin da ke ajiye abu a wurin da ka faɗa masa da lambobi: akwatin rubutu a x=20, y=40, faɗinsa fiksel 400, maɓallin ajiyewa a x=20, y=300, haka dai har ƙasa. A kwamfutata komai tsaf. Da aka buɗe ta a wata kwamfuta mai Linux, haruffan can sun fi girma, rubutu ya fi ƙarfin maɓallan har ya yanke. Idan kuma aka buɗe tagar ta cika allo, sai kayan su dunƙule a kusurwar hagu ta sama, sauran wurin fili fayau. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a wannan harka, ko da wane kayan aiki yake amfani.

Tsohon_Tcl

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka gani shi ne halin place idan ka ba shi lambobi zalla. Ka ce masa fiksel 20 daga hagu, to a nan zai zauna ko da taga ta kai faɗin bango. Tk ɗin da Tkinter ke hawa a kai, wanda John Ousterhout ya fitar a 1991, yana da masu jera kaya uku: pack, grid da place. Biyun farko suna tambayar kowane wijet, wato maɓalli ko akwati da makamantansu, girman da yake buƙata kafin su ba shi wuri, shi ya sa idan haruffa sun girma maɓallin ma sai ya girma tare da su.

Amma tunda za ka koma can, ga ramin da ya fi cinye mutane. Kada pack da grid su haɗu a ƙarƙashin uwa ɗaya, wato abin da ke ɗauke da kayan, kamar taga. A zamanin Tk 8.5 na ga manhaja ta tsaya cik saboda haka: babu taga, babu saƙon kuskure, sai fankar kwamfuta da ke ta kuka. Kowannensu yana gyara girman uwar, ɗayan ya ga an canza shi ma ya sake gyarawa, direba biyu a sitiyari ɗaya. Daga 8.6, da ta fito a ƙarshen 2012, an rufa mana asiri, yanzu kuskure take jefo maka ta faɗi wanda ya riga kama wurin. Idan kana son duka biyun, ka raba tagar da firam-firam, wato ƙananan filaye masu ɗaukar kaya a cikinta. A cikin wannan firam ka yi grid, a cikin wancan ka yi pack, ba wanda zai taɓa wani.

Malama_Lissafi

Ni ɗalibai nake koya wa wannan, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke maƙalewa. Su koma grid, su ja taga, kayan su ƙi motsi, su ce ai grid ma ba ta aiki. Abubuwa biyu ne daban, kuma sai an yi duka. Na farko weight, wanda ake ba layi ko ginshiƙi ta rowconfigure da columnconfigure. Shi ke faɗin wanda zai ci rarar fili idan taga ta ƙaru, kuma asalinsa sifili ne, wato ba mai ci. Na biyu sticky, wanda ke manna wijet da bangon ɗakinsa, wato gurbin da grid ta ba shi. Ka ba ginshiƙi weight=1 ba sticky, ɗakin zai faɗaɗa amma akwatin ya zauna a tsakiya da ƙaramin jikinsa. Ka sa sticky="nsew" ba weight, akwatin ya cika ɗakin amma ɗakin ba ya girma.

Wani abu da ake yawan fahimta a baibai: ginshiƙi mai weight=2 ba lallai ya ninka mai weight=1 a faɗi ba. Rarar ce ake rabawa biyu da ɗaya, bayan kowa ya karɓi abin da kayansa ke buƙata. Sannan kowane mataki sai an yi masa nasa. Ka gyara firam na ciki ka manta babbar taga, aikin banza.

Dabarar da nake ba su: kowane firam a shafa masa launi daban, ja, kore, shuɗi, mai muni dai yadda ba za a manta a cire ba. Da ka ja gefen taga za ka ga launin da ya ƙi miƙewa, nan matsalar take.

Ɗan_Koyo

Malama na gwada launukan yanzun nan. Ashe firam ɗina ko rabin tagar bai kai ba. Allah ya saka da alheri.

Mai_Swing

Mu a Java salon ya bambanta amma ciwon ɗaya ne. JFrame, wato babbar taga a Swing na Java, da mai jera kaya BorderLayout take zuwa, mai yanki biyar: arewa, kudu, gabas, yamma, tsakiya. Na taɓa karɓar aikin wani abokin aiki da ya zuba maɓallai uku kai tsaye bai faɗi yanki ba. Dukkansu tsakiya suka tafi, na ƙarshe kaɗai ya fito, ya kuma cika tagar gaba ɗaya, maɓalli ɗaya ƙato. Da ya gaji sai ya kashe mai jera kayan da setLayout null, ya bi kowane abu da setBounds. Ta yi kyau har ranar da aka fassara rubutun manhajar zuwa wani harshe mai dogayen kalmomi. Maɓallan suka koma nuna rabin kalma da ɗigo uku. Sai da muka sake ginin fuskar daga tushe da JPanel a cikin JPanel, wato firam ɗin Java.

Ƙaramin abu kuma: a kira pack na JFrame tukuna (ba na Tk ba, wannan girman taga yake daidaitawa da kayanta), sannan setLocationRelativeTo null mai kai ta tsakiyar allo. Idan aka juya, ana lissafin tsakiyar allo ne taga ba ta da girma, sai kusurwarta ta zauna a tsakiya, jikinta ya zube ƙasa ta dama.

Sarkin_Gaggawa

Irin wannan na gani a Tkinter. Ina son taga ta fito a tsakiyar allo, na tambayi winfo_width ya ce min 1. Fiksel ɗaya! Ba a riga an zana ta ba ne, sai an kira update_idletasks ko update kafin a samu lamba ta gaskiya. Kuma ku tuna lissafin daga kusurwar hagu ta sama yake farawa, y ƙasa yake ƙaruwa. Mai allo biyu da ya ajiye na biyun a hagu, a Windows zai ga x ya koma ƙasa da sifili, ba kuskure ba ne.

'Yar_Qt

Ɗan'uwa Sarkin_Gaggawa, kafin ka sha wahalar tsakiyar allo, ka sani a Linux mai Wayland, wato sabon tsarin nuna tagogi, manhaja ba ta da ikon zaɓar inda babbar tagarta za ta zauna. Na kira move a Qt, wani kayan aikin zana tagogi irin Tk, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Haka aka tsara shi, mai kula da tagogi ne ke yanke wannan.

Abin da ya sa na daina setGeometry gaba ɗaya shi ne Larabci. An nemi manhajarmu ta yi aiki da rubutu daga dama zuwa hagu. Fuskokin da muka gina da QHBoxLayout da QFormLayout, layi ɗaya na setLayoutDirection ya juya su: lakabi ya koma dama, akwati hagu, maɓallai suka sauya jeri da kansu. Fuska ɗaya da aka dasa da lambobi ita ce ta tsaya yadda take, kamar ba da ita ake ba.

Masu shigowa Qt, abu biyu. QMainWindow tana da tsarinta na ciki, idan ka ɗora mata setLayout gargaɗi za ta yi maka ta ƙi. Ka yi QWidget, ka sa tsarin a kansa, ka miƙa shi ta setCentralWidget. Sannan idan kana son maɓallai su tsaya a dama, addStretch ɗaya a gabansu ya isa, ba sai ka ƙirga tazara ba. Ni setFixedSize ma na rage amfani da shi, setMinimumSize ya fi min, don mai amfani ya ƙara in yana so amma kada ya matse har abubuwa su hau juna.

Mai_Ja_Da_Baya

Ku yi haƙuri, kun taru kun yi wa place rubdugu. Ni har gobe ina amfani da shi kuma ban ga laifinsa ba. Ina son 'yar alamar adadin saƙonni ta zauna a kafaɗar wani maɓalli, ta ɗan hau kansa. Ku nuna min yadda grid za ta yi wannan ba tare da wahala ba. Da place a jikin maɓallin, relx=1.0, rely=0, anchor="ne", shi ke nan, duk inda maɓallin ya je tana biye da shi. Haka allon da mutum ke jan katuna da linzami yana ajiyewa inda ya ga dama. Laifin na lambobin da aka kafe ne. relx da relwidth kaso suke ɗauka na girman uwar, suna tafiya da taga.

Tsohon_Tcl

Gaskiyarka malam, a waɗannan biyun ni ma place zan ɗauka. Inda ban bi ka ba shi ne fom mai lakabi da akwatuna. relwidth=0.3 kaso 30 cikin ɗari ne na faɗin uwa, ko rubutun ya shiga ko bai shiga ba, kuma place ba ya gaya wa uwar girman da 'ya'yanta ke buƙata. Taga mai kayan place kaɗai sai ka faɗa mata girmanta da bakinka.

Tunda an taɓo fiksel, a ƙara da batun kaifin allo. A saitin girman nuni na Windows, kashi 100 yana nufin ɗigo 96 a inci, kashi 150 kuma 144. Manhajar da ba ta ce ta san wannan ba, Windows ke miƙe hotonta, sai rubutu ya yi dishi-dishi. Idan ka ce ta sani, haruffan da aka auna da poyin za su girma, lambobin fiksel ɗinka su tsaya inda suke, ka dawo matsalar Ɗan_Koyo. Qt 6 ta kunna wannan gyaran da kanta tun fitowarta a 2020, a Qt 5 kuwa sai ka nema.

Malama_Lissafi

Na manta wani na pack. Jerin da ka bi wajen zuba kaya shi ne jerin rabon fili. Wata ɗaliba ta zuba babban akwatin Text tukuna, sannan layin maɓallai a ƙasa. Da ta rage tsayin taga, maɓallan ne suka fara ɓacewa, akwatin ko gezau. Wanda aka zuba a ƙarshe shi ake matsewa. Muka ɗauko layin maɓallan muka zuba shi farko da side="bottom", akwatin ya biyo baya da fill="both" da expand=True, magana ta ƙare.

Ɗan_Koyo

Na mayar da fom ɗin kan grid, yana miƙewa yadda ya kamata. Saura biyu. Na ba firam na gefe width=200 amma da na zuba masa kaya sai ya tsuke. Na kuma ba wani maɓalli width=100 ya fito ƙato ya kusa cinye tagar.

'Yar_Qt

Ƙanena, na biyun ko ni da ba 'yar Tk ba na san shi: a maɓalli mai rubutu, da lakabi, da Entry, width haruffa yake ƙirgawa, ka nemi wurin harafi ɗari ne. Ka sa 12 ka gani. A firam ne yake nufin fiksel.

Tsohon_Tcl

Na farkon kuma, firam yana ɗaukar girman abin da ke cikinsa ya yi watsi da lambar da ka ba shi. Ana hana shi da grid_propagate False idan 'ya'yansa da grid aka jera su, ko pack_propagate False idan da pack ne, kuma dole ka ba shi tsayi ko ka manna shi sama da ƙasa da sticky="ns", in ba haka ba ya shafe. Ni dai a gefen taga irin naka minsize=200 zan sa wa ginshiƙin a columnconfigure. Ba zai yi ƙasa da 200 ba, idan kuma haruffan waccan kwamfutar sun fi girma zai buɗe musu.