Me ya sa muke komawa ga littafi, fim ko waƙar da muka riga muka sani?

Ɗalibin Adabi ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai game da abubuwan da muke ɗebe kewa da su a lokacin hutu, wato karatun littattafai, sauraron waƙa, kallon fim da duba littattafan zane. Na lura cewa idan aka tambayi mutum abin da ya fi so a cikinsu, da wuya ya ambaci sabon abin da ya gani jiya. Sai dai ka ji ya kira sunan wani littafi da ya karanta har bangonsa ya rabu da shi, ko wata waƙa da ya haddace tun yana ƙarami, ko wani fim da zai iya faɗa maka abin da jarumin zai ce tun kafin ya buɗe baki. Wani abokina yana ganin wannan ɓata lokaci ne. Hujjarsa ita ce daɗin labari yana cikin rashin sanin ƙarshensa, kuma tun da sababbin abubuwa suna fitowa kullum a wayar hannu, fiye da abin da rayuwar mutum za ta ishe shi ya gama, to babu dalilin maimaici. Ni ban yarda da shi ba, amma ina so in ji daga bakin waɗanda suka fi ni daɗewa a harkar. Mene ne kuka fi so, kuma me kuke tararwa a cikinsa idan kun koma, wanda ba ku gani ba da farko? Sannan a cikin littafi da fim da waƙa da zane, wanne ya fi jure maimaici?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar abokinka tana da gaskiya a kan irin labari guda ɗaya kawai, wato wanda duk ƙarfinsa yake cikin ɓoye wani sirri, kamar wane ne ya yi kisan ko ina aka binne dukiyar. Irin wannan da zarar an buɗe sirrin, shi ke nan ya gama aikinsa. Amma labaran da suke zama a zukatan mutane ba a kan wannan aka gina su ba, kuma zan ba ka misali da littafin da na fi so.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East. Littafin ya fara ne da Shaihun yana dattijo, malami mai daraja, yana zaune tare da almajiransa, suka nemi ya ba su tarihinsa. Ka ga ke nan tun daga shafin farko mai karatu ya san cewa yaron da za a sace, a raba shi da uwarsa, a tsallaka Sahara da shi, zai rayu har ya zama babban malami. Marubucin da kansa ya miƙa maka ƙarshen labarin kafin ya fara, amma duk da haka ba ka iya ajiye littafin. Da rashin sanin ƙarshe ne kaɗai ke riƙe mai karatu, da wannan littafin bai kai shekara casa'in ana karanta shi ba.

Lokacin da na karanta shi ina saurayi, yaron nake bi, da ayari, da wahalar hanya, ina ɗokin in ga abin da zai same shi a gaba. Da na koma masa bayan na zama uba, sai na tarar da cewa uwar ce ta cika mini littafin, wannan baiwar Allah da ta bar komai ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa cikin bauta. Ba a ƙara ko harafi ɗaya a cikin littafin ba, ni ne shekaru suka sauya. Akwai kuma wani dalili da ya shafi yadda ido yake aiki. A karatun farko ido gudu yake yi, yana tsallake siffantawa da ƙananan maganganu don ya isa ga abin da zai faru. Sai a na biyu, da hankali ya kwanta, mutum yake ganin yadda aka jera kalmomi, da inda marubuci ya yi shiru da gangan, da wata 'yar magana a farko wadda ashe ita ce ke share fagen abin da zai zo a ƙarshe.

A ganina littafi ya fi komai jure maimaici, domin ba ya ba ka fuskar kowa. Kai ne kake sa wa uwar Umar fuska da murya, kuma duk lokacin da ka koma za ka iya ba ta wata. Fim kuwa ya riga ya yanke maka wannan hukunci.

Uwar Biyu ta amsa:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma a kan fim ina neman izinin in saɓa maka, domin shi ne abin da na fi so tun ina yarinya.

Gaskiya ne fim yana rage labari. Masu harkar suna ƙiyasta cewa shafi ɗaya na rubutun fim yana cin kusan minti ɗaya a allo, don haka fim mai tsawon awa biyu bai wuce shafi 120 da 'yan kai ba, kuma dole a zubar da abubuwa da yawa idan daga littafi aka ɗauko shi. Amma abin da ya rage a kalmomi yana mayar da shi a hoto. Littafi yana ba ka abu ɗaya bayan ɗaya, layi bayan layi, shi kuwa fim yana zuba maka abubuwa da yawa a lokaci guda: mai magana, da mai sauraro, da abin da ke rataye a bango, da hasken da ke shigowa ta taga, da kiɗan da ke tashi a ƙasa-ƙasa. Hotuna 24 ne suke wucewa a kowace daƙiƙa, idon mutum kuwa wuri ɗaya yake iya tsayawa. A kallon farko kowa bakin mai magana yake bi. Ni idan na koma ga fim ɗin da nake so, sai in ƙyale mai maganar in zuba wa wanda yake saurare ido. A nan ne za ka ga macen da ake gaya wa mummunan labari tana ci gaba da ninke tufafin da ke hannunta, tana ninke wanda ta riga ta ninke, ba ta ce uffan ba. Wannan ninkin ya fi kuka da kururuwa isar da abin da ke ranta, kuma mutum zai iya kallon fim ɗin har ya ƙare bai lura da shi ba.

Da yawa daga cikinmu mun koyi wannan ne daga finafinan Indiya, tun kafin a fara fassara su da Hausa. Ba mu jin harshen, saboda haka dole muka koyi karanta fuska da tsayuwa da yadda kiɗa yake sauyawa idan masifa ta kusa. Sai daga baya muka gane cewa muryar da muke ji a waƙa ba ta jarumar ba ce, ta wata mawaƙiya ce da ke bayan fage kamar Lata Mangeshkar, kuma hakan bai rage mana komai ba.

Ko littafin da ka ambata, ai Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, kuma bayan fiye da shekara arba'in aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Mutanen da suka zauna suka kalle shi a can, tufafi da gine-gine da tafiyar raƙuma suka gani da idonsu, abin da tunanin mai karatu ba lallai ne ya iya kawo masa daidai ba. Fim ɗin da ba ya jure maimaici, a ganina, shi ne wanda aka ajiye kyamara aka bar 'yan wasa suna ta surutu, wanda ko ka rufe ido ba ka rasa komai ba. Irin waɗannan suna da yawa, kuma ba zan kare su ba.

Mai Zane ya amsa:

Baba Malam da Hajiya, ina gaisuwa. Ni littattafan zane ne nawa, kuma ina ganin sun tsaya ne a tsakaninku. Suna ba ka fuska kamar fim, amma lokaci yana hannunka kamar littafi, domin kai ne kake yanke tsawon da za ka yi a kan kowane hoto. Babban aikin ma yana cikin 'yar farar tazarar da ke tsakanin hoto da hoto. A wannan akwati an zana mutum ya ɗaga sanda, a na gaba an zana tsuntsaye sun watse daga kan bishiya, ba a nuna dukan ba, amma ka gan shi kuma ka ji ƙararsa, domin kai ne ka cike gurbin. Na fi son na Japan da ake kira manga, waɗanda yawancinsu baƙi da fari ne, kuma daga dama zuwa hagu ake karanta su, abin da ba zai wahalar da wanda ya saba da ajami ba.

Sai dai ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba, shi ne komawa ba kullum take da daɗi ba. Ina yaro na so labaran Tintin, wanda wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Hergé ya fara zanawa a 1929, kuma har yanzu ina jinjina wa tsabtar layinsa. Amma da na girma na sake buɗe wanda ya yi a kan Kwango, sai na ga yadda ya zana baƙar fata da manyan leɓɓa da tunanin yara, suna jiran Bature ya yi musu komai. Ya sake zana littafin da launi a 1946, amma wannan kallon raini bai fita daga cikinsa ba. Wannan ma maimaici ne ya nuna mini shi, domin idon yaro bai gani ba.

Mai Kunne ya amsa:

Ɗan'uwa mai tambaya, da abokinka zai yi tunani a kan waƙa, da ya sassauta, domin ita tun asali don maimaici aka yi ta. Mene ne amshi in ba komawa ga abin da aka riga aka ji ba? Babu wanda yake jin waƙa sau ɗaya ya ce ya gama da ita.

Ni waƙoƙin makaɗan baka nake saurare, kuma abin da nake yi shi ne in sauya abin da kunnena yake bi. Wata rana kalmomi nake bi. Wata rana in bar su in bi kalangu kawai, in ji yadda makaɗi yake matsa tsirkiya yana sassautawa har gangar ta riƙa hawa da sauka irin na maganar mutum, tana amsa wa Mamman Shata kafin 'yan amshi su karɓa. Wata rana kuma in koma ga Ɗan Maraya Jos, mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba shi da ɗan amshi, amma ya cika wuri kamar taron makaɗa. Ya kamata kuma mu tuna cewa abin da ke cikin wayoyinmu ɗauka ɗaya ce kawai daga cikin rerawa da yawa, domin waɗannan makaɗa ba su rera waƙa iri ɗaya sau biyu, suna ƙari suna ragi gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansu. Na'ura ma ta sa hannu: tsohon faifan garmaho kusan minti uku yake ɗauka a kowane gefe, sai da kaset mai minti 60 da 90 ya zo aka sami sararin ɗaukar doguwar waƙa yadda take. Saboda haka idan ka sami ɗauka biyu na waƙa ɗaya, ka saurare su a jere, za ka ji bambancin da zai ba ka mamaki.

Abin da nake tsoro kawai shi ne yadda muka mayar da waƙa abin rakiya, tana tashi a kunne muna wani aiki. Wanda ya yi haka sau ɗari bai kai wanda ya zauna ya kasa kunne sau biyu ba.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Hajiya, na karɓi gyaranki a kan mai sauraro a cikin hoto, kuma zan gwada a fim na gaba da zan kalla, ko da yake ina nan a kan bakana game da fuskar da littafi yake bar wa mai karatu. Kai kuma Mai Zane, maganarka ta fi tsaya mini a rai, domin ni ma akwai littattafan da na so ƙwarai waɗanda yanzu nake ganin yadda suka ɗauki mata ko bayi bai dace ba. Ban jefar da su ba, sai dai ina rubuta saɓanina da fensir a gefen shafi, don wanda zai ara daga hannuna ya ga inda muka rabu da marubucin. Ina da roƙo a gare ka, ɗana. Ban taɓa riƙe littafin manga ba, kuma bayaninka ya sa ina so in gwada. Ka zaɓa mini gajere wanda ba na faɗa ba, ka kuma bayyana mini yadda ake bin akwatunan idan manya da ƙanana suka haɗu a shafi ɗaya, don kada in karanta amsa kafin tambaya.