Fanshon mamaci a CNSS: daga ina iyali za su fara?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Wani direban kamfani a nan Maradi ya rasu kwana 20 da suka wuce, ya bar mata 2 da yara 5. Ana cire masa kuɗin kes, wato CNSS, asusun fanshon ma'aikatan kamfanoni na Nijar, daga albashi shekara da shekaru. Auren uwargida yana da takarda, na amarya a masallaci kawai aka ɗaura. Me iyalin za su samu, kuma da wace takarda za a fara? Dattawan gidan sun ce a bari sai an fita takaba.

Malam Issufu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba iyali haƙuri. Ɗan'uwa, a roƙi dattawa kada a jira. Takaba wata 4 ce da kwana 10, alhali dokar 2019 kwana 60 ta ba mutane su sanar da rasuwa, haihuwa ko aure. In sun cika ba a je ofishin magajin gari ba, takardar rasuwa ba ta fita sai da hukuncin alƙali da shaidu. Ba sai matan sun fita ba, ƙanin mamaci ya ɗauki takardar likita da katin shaidarsa ya je cikin makon nan.

Sannan a nemo lambar rajistarsa ta CNSS, tana kan katinsa ko takardun albashi. Da ita za a duba watannin da aka zuba masa. In sun kai 180, wato shekara 15, iyali suna da fansho. In ba su kai ba, kuɗi ne dunƙule sau ɗaya. Shi ya sa kowane wata yake da daraja: mutum kan yi aiki wuri biyu ko uku, wani wurin a ba shi sabuwar lamba, wani kuma a cire kuɗi ba a zuba ba. A tattara duk takardun shaidar aiki da na albashi, ko sun yage, a nemi a haɗe lissafin. In mai kamfani ya ƙi ba da takarda, ofishin sufeton aiki ne wurin kai ƙara.

Rabon kuwa ba irin na gado ba ne. Mata suna da kashi 50 cikin 100 na fanshon da zai samu, su raba daidai. Kowane yaro kashi 25, wanda ya rasa uwa da uba kashi 40, amma jimla ba ta wuce fanshon. Misali in jika 60 ne a wata, mata 2 da yara 2 sun cinye shi cif: jika 15 kowa. Da yara 5 dole kason ya ragu.

Hajiya Ta Zariya:
Malam ya yi bayani, ni a kan amarya zan tsaya, don nan dosiye, wato takardun neman fansho, ya fi maƙalewa. Kes ba ta aiki da shaidar baki, ko da duk unguwa ta ci goron ɗaurin auren. Sai an je kotu da waliyyi da waɗanda suka shaida, alƙali ya tabbatar da auren, a kai hukuncin ofishin magajin gari a rubuta shi. Kada uwargida ta ajiye dosiye ita kaɗai a ɓoye abokiyar zamanta. Ranar da maganar ta fito, gyaran ya fi wuya, zumuncin yara ma ya taɓu.

Sai suna. A shimfiɗa takardun gaba ɗaya a karanta harafi bayan harafi. Mahamadou a kati, Mamane a takardar haihuwar yaro, Mahaman a ta aure: a gida mutum ɗaya ne, a ofis mutum uku. Haka ranar haihuwa. A gyara a kotu tun kafin a ajiye. Kowane yaro da takardar haihuwarsa, manya masu karatu a haɗa da shaidar makaranta ta bana, da ita ake biyansu har shekara 21.

Ɗan Tasawa:
A tabbata dai ba ma'aikacin gwamnati ba ne, su nasu yana CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati. Kuma in a bakin aiki ya rasu, kamar haɗarin mota yana tuƙin kamfani, a faɗa tun farko, wannan dosiyen haɗarin aiki ne, hakkinsa daban.

Ranar ajiya a karɓi takardar shaida mai kwanan wata da hatimi, a riƙe kwafin komai a gida. In biya ya fara sannan ya tsaya, galibi takardar shaidar rayuwa ce ba a sabunta ba, ko ta makaranta. Wadda ta sake aure kasonta yana tsayawa, sai ta sanar da kanta, na yaranta kuma ya ci gaba.