Wai me ya sa na Banksy zane ne, na yaron unguwa kuma ɓarna?

DanFagge92:
Salam jama'a, akwai abin da ya ɗaure min kai. Wannan mutumin Ingila Banksy da yake ɓoye fuskarsa, a 2018 an yi gwanjon zanensa na yarinya da balan-balan a Sotheby's ta Landan kan fam miliyan ɗaya da ɗoriya, ana buga guduma sai zanen ya fara yagewa da kansa don ashe ya ɓoye injin yanka takarda a cikin firam ɗin, kuma maimakon ya faɗi warwas sai a 2021 aka sake sayar da yagaggen kan fam miliyan 18 da rabi. To shi fa asalin sana'arsa fesa fenti ne a katangar mutane da dare ba izini, abin da in wani yaro ya yi sai ya kwana a sel. Meye bambancin don Allah?

MalamSabo:
Wa alaikassalam ɗan'uwa. Ai Banksy a baya-bayan nan ya zo, abin ya samo asali ne daga yaran talakawa a Amurka. Ƙarshen shekarun 1960 akwai wani yaro a Filadelfiya da yake rubuta Cornbread ko'ina, sai kuma a Niyok wani ɗan asalin Girka da yake aikin kai saƙo, duk inda ya bi sai ya rubuta TAKI 183, wato laƙabinsa da lambar layinsu. A 1971 jaridar New York Times ta yi labari a kansa, shikenan sai kowane yaro ya ce shi ma sai sunansa ya zaga gari. Daga nan suka koma kan jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, don katanga tana nan inda take amma tarago zai ɗauki sunanka daga Bronx har Brooklyn kowa ya gani. Da dare suke tsallaka shinge su shiga inda ake ajiye taragun, fentin ma yawanci sato shi suke, kan gwangwanin kuma su cire su sa na wasu kayan feshi na gida don layin ya yi kauri ko ya yi siriri, ba makaranta ba malami, ƙarami yana riƙe wa babba gwangwani har ya iya. Hukuma ta yaƙe su iya yaƙi, magajin gari Ed Koch har waya mai reza da karnuka ya sa, amma abin da ya kashe harkar shi ne dokar da aka kawo cewa duk taragon da aka yi wa zane ba zai fita aiki ba sai an wanke shi, ka kwana kana wahala ba wanda zai gani. A 1989 suka sanar sun gama da shi.

Bambancin da kake nema kuwa ni a ganina ba a fentin yake ba, a wanda ya nuna yana so ne. Mai zane Basquiat da rubuta laƙabin SAMO ya fara a bangon Manhattan ta Niyok ana kallonsa ɗan iska, ya mutu 1988 yana da shekara 27, a 2017 aka sayi zanensa guda kan dala miliyan 110 da rabi. Da masu kuɗi suka ce zane ne sai ya zama zane.

Maman_Ilham:
Malam Sabo ka yi haƙuri amma ni ban ga abin burgewa ba wlh. Mutum ya tara kuɗinsa ya yi filasta ya yi fenti, ka zo cikin dare ka ɓata masa, ko zinare ka zana haƙƙinsa na kanka. Mu nan lokacin zaɓe ma ya muka ƙare da masu rubuta sai wane sai wane a katangar gida, shekara huɗu abin yana nan ɗan takarar ma ya faɗi.

MalamSabo:
Hajiya ban musa miki ba ko kaɗan, haƙƙi haƙƙi ne. Amma ji wannan. A unguwar Queens ta Niyok akwai wani tsohon gini da ake kira 5Pointz, mai ginin da kansa ya ba masu zane izini suka shekara da shekaru suna yi har masu yawon buɗe ido na zuwa, da ya tashi rushewa ya gina benaye sai ya turo ma'aikata cikin dare a 2013 suka shafe komai da farin fenti. Masu zanen suka kai ƙara, a 2018 alƙali ya ce ya biya mutum 21 dala miliyan 6.75. Kin ga a nan mai katangar ne ya shiga haƙƙin masu fentin.

Zango_Boy:
Ku dawo gida Afirka mana yayyena, ba komai ne sai Amurka ba. A Dakar tun wajen ƙarshen shekarun 1980 matasa suka yi abin da suka kira Set Setal, gwamnati ta gaza kwashe shara suka fito da kansu suka share unguwanni suka zana shehunnansu da jaruman tarihi a bango, shi ya sa har yau can ba a ɗaukan mai zanen bango ɓarawo, da rana tsaka yake yi mutane na miƙo masa shayi. Wani mai zanen bango na can da ake kira Docta ya kafa bikin zanen bango na Festigraff a 2010, lokacin korona ma masu zanen ne suka riƙa zana yadda ake wanke hannu. Mu nan Akara muna da bikin zanen titi na Chale Wote da aka fara a unguwar Jamestown a 2011, kuma mai zane Moh Awudu ɗan Nima ne, ɗan zango irinmu. Wanda ya fi taɓa ni dai na Khartum ne, zaman dirshan na 2019 a gaban hedkwatar soja, matasa sun cika bangon wurin da fuskokin waɗanda aka kashe, bayan an tarwatsa su ranar 3 ga Yuni sai aka bi aka shafe da yawa daga ciki. In abin shirme ne me ya sa soja zai ɓata lokacinsa yana goge shi?

Atis_Kabiru:
Ni rubutun allon shago da bayan tifa nake ci da shi, bari in ce wani abu. Salon Banksy ɗin ba wani sirri ba ne, kwali ne ko tsohon fim ɗin hoton asibiti za ka zana siffar a kai ka yanke da reza, ka manna a bango da salatif, ka ja baya kamar taƙi ɗaya ka fesa a hankali, in ka matso kusa fentin zai zubo kamar hawaye. Wahalar tana wajen yankan, dole ka bar 'yan gadoji a cikin harafi irin O da A in ba haka ba tsakiyar ta faɗo. Da irinsa muke buga lambar keke napep da rubutun "ba a fitsari a nan". DanFagge in kana son gwadawa ka fara da katangar gidanku, kuma ka tambayi Baba tukuna, fentin mai ba ya fita da omo.