Kirim ɗina na koren shayi yana tsinkewa, ina matsalar take?

uwar_biyu:
Slm yan uwa, dan Allah masu haɗa man shafawa ku taimaka min. Na haɗa kirim na rage yamushewar fata da ruwan koren shayi, ranar farko ya yi kyau sumul wlh har ina murna, amma ko sati biyu bai yi ba ruwa ya kwanta a ƙasa mai ya taso sama, kalar ma ta koma ruwan ƙasa. Sitiyarik asid (wani sinadari mai maiƙo) da TEA (wato tirayitanolamin, wani sinadari mai kashe tsami) na sa su riƙe haɗin mai da ruwan. Sau uku kenan ina asarar kaya.

dan_lab:
Wslm Hajiya. Ai matsalar tana gun abin da kika riƙe haɗin da shi. Sitiyarik asid da TEA in sun haɗu sabulu suke zama, shi kuma wannan sabulun sai pH (ma'aunin tsami, yana sauka tsami na ƙaruwa) yana wajen 8 yake iya riƙe mai da ruwa, to ke kuma kin kawo ruwan ganye mai ɗan tsami kin zuba, pH ya sauka sabulun ya saki, shikenan kowa ya kama gabansa. In kuma kika ce bari ki bar pH ɗin a sama dan kar ya tsinke, sinadarin shayin da kike nema wato EGCG baya jure hakan, da wuri yake lalacewa, shi ne duhun nan da kika gani. Kinga gaba kura baya sayaki. Ki canja emalsifaya, wato abin da ke riƙe mai da ruwa, zuwa wanda tsami baya damunsa irin gilisaril sitiyaret mai PEG-100, ki tsaida pH wajen 5, dama fata ma tsakanin 4.5 da 5.5 take.

Anty Mai Kirim:
Ƙanwata a wane zafi kike zuba ruwan ganyen? Mai da ruwa kowanne ya kai digiri 70 zuwa 75 na Selsiyos kafin a haɗa su, amma shi ganyen sai ya huce ƙasa da 40. Ni da da zafinsa nake antayawa, na sha wahala kam. Ki ɗan sa zantan gam, wani gari mai ƙara kauri, kamar kashi 0.2 cikin ɗari, yana hana ɗigon man yawo. Kuma bitamin E fa ba maganin fumfuna bane, mai kawai yake hanawa yin ɗoyi, dole ki sa firizabatif, wato sinadarin hana fumfuna da ƙwayoyin cuta, daban.

dan_lab:
Na manta, kafin ki ba kowa ki gwada shi. Awa 24 a firij wajen digiri 4, awa 24 a digiri 40, ki maimaita sau shida kina duba kala da ƙamshi da kauri da pH. A lab har a injin juyawa muke sawa, juyi 3000 a minti na rabin awa, mai rauni nan take yake tona kansa.

uwar_biyu:
Allah ya saka da alheri Malam. Anty kin kama ni, da zafinsa nake zubawa kuma ko takardar awon pH bani da ita 😅 Wancan da ya tsinke in na sake bugawa zai dawo ko in zubar kawai?