Muhawara: Dole ne waƙar Hausa ta hau karin Larabci?

Ɗalibi, Ƙofar Sauri: Salam. An ce waƙata ta karye don ba ta hau bahari ba, wato awon waƙa irin na Larabci. Ga farkonta:
Ruwa ya zubo yau gari ya yi sanyi,
Manoma sun fita gona da sassafe.
Ni dai ban yarda ba. Aruli, wato ilimin awon waƙa, na Larabawa ne, malaminsu Halilu ya tsara shi don harshensu. Jigo ya fito, me ya rage?

Malama, Daura: Ƙanena, rera ɗangon farko kana buga cinya. Ru-wa-ya, zu-bo-yau, ga-ri-ya, yi-san-yi. Gaɓa marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, har sau huɗu. Baharin da ake kira Mutaƙarab ke nan cif, kuma kai ka hau shi da kanka, ba wanda ya tilasta maka. A ɗango na biyu "manoma" ya zauna daidai, amma "sun" mai nauyi ce, ta faɗo inda kunne ke jiran marar nauyi. Nan ta karye. Ga amsa-amo ma, wato sautin ƙarshen ɗango, bai haɗu ba.

Ɗalibi, Ƙofar Sauri: To Malama, Shata fa? Wane bahari ya karanta?

Mai sauraro, Funtua: Haka ne wallahi! Ni ina bayan yaron nan. An cika takura wa masu tasowa da bahari 16, har su ji tsoron alƙalami.

Malama, Daura: Shata yana da kalangu a bayansa, Alhaji, shi ke riƙe masa awo. Mai rubutu ba shi da makaɗi, gaɓoɓinsa ne gangarsa.

Dattijo, Rafindaɗi: Malama, na yarda ɗangon ya karye, amma ban yarda sai awon Larabci ba. Aliyu Namangi a kan kiɗan caji ya ɗora waƙarsa Imfiraji, kuma ba wanda ya ce ba waƙa ba ce. Abin da nake ƙi shi ne a sa yaro haddar ma'aunan aruli irin su fa'ulun tun kunnensa bai buɗe ba.

Malama, Daura: Allah ya gafarta Malam, ai caji ma awo ne. Yaron ya zaɓi awon da ya ga dama, amma ya riƙe shi har ƙarshen baiti.

Ɗalibi, Ƙofar Sauri: "Manoma da murna suna sake shuka." Wannan fa?

Malama, Daura: Ya hau. Saura amsa-amo.

Mai sauraro, Funtua: Ni har yanzu na farkon ya fi mini daɗi.