Rana ɗaya a Tokyo: wane gidan tarihi zan kai Baba?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mahaifina zai zo bikin kammala karatuna, kuma rana ɗaya tak za mu samu a Tokyo. Tsohon malamin tarihi ne, yawon kantuna bai dame shi ba. Ina zan kai shi ya ga yadda garin ya faro?

Alhaji Bala: Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Ka kai shi gidan tarihi na Edo-Tokyo da ke Ryogoku, gefen filin kokawar sumo. Edo ne sunan garin tun kafin Tokugawa Ieyasu ya kafa mulkinsa a can a 1603, sai a 1868 ya koma Tokyo. Ni a 2019 na je. Daga hawa na shida ake farawa, kana shiga sai ga gadar katako a gabanka, rabin tsohuwar gadar Nihonbashi ce suka sake ginawa da girmanta na asali, ta kanta za ku ratsa.

Hajiya Rabi: Alhaji, an fa rufe shi a Afrilun 2022 don babban gyara. Aminu, ka leƙa shafinsu kafin ku kama hanya, kuma ka guji Litinin, ranar hutunsu ce.

Alhaji Bala: Gaskiyarki Hajiya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wata sanda mai bokiti biyu, irin ta 'yan ga-ruwa, da suka ajiye kowa ya gwada ɗauka. Na saɓa a kafaɗa ina ta murmushi, sai daga baya na karanta cewa ba ruwa ake ɗiba da ita ba, bayan gida ne. Manoman karkara ke shigowa su saya don taki, kuɗin ya shiga aljihun mai gidan haya. Ranar na sha dariya wurin uwargida.

Hajiya Rabi: Ni dai da mahaifina ne, gidan tarihi na unguwar Fukagawa zan kai shi. Na Ryogoku girma gare shi, dattijo zai gaji tun bai kai zamanin girgizar ƙasa ta 1923 ba. Na Fukagawa ɗan ƙarami ne, unguwa guda suka tayar kamar yadda take wajen 1840: shagon shinkafa, na kayan miya, kwalekwale a bakin ruwa, da ɗakunan haya a jere. Za ka cire takalmi ka hau, ka zauna kusa da murhu, ka taɓa tukunya. Ɗakin iyali guda bai fi shagon mai shayi ba. Hasken wurin yana sauyawa daga asuba zuwa dare, har kyanwa suka ɗora a kan rufi tana kuka.

Malam Isa: Kowanne kuka zaɓa, ka fara gaya wa Baba dalilin da ya sa ba zai ga tsohon gari a kan titi ba. Wuta ce ta cinye shi: gobarar 1657, ta 1923, sai ruwan bama-baman Amurka na 10 ga Maris 1945. Kusa da Ryogoku akwai lambun Yokoamicho, inda wuta ta rutsa da mutum kusan 38,000 da suka fake a 1923. Malamin tarihi zai so ya tsaya a nan ko na minti goma ne.

Aminu: Na gode ƙwarai. Za a iya haɗa biyun?

Malam Isa: Tasha biyu ce tsakaninsu a layin jirgin ƙasa na Oedo, daga Ryogoku zuwa Kiyosumi-shirakawa, tashar da ke kusa da na Fukagawa. Ya danganta da gwiwar Baba.

Aminu: Gwiwar kam sai a hankali. Fukagawa da safe ke nan, in da sauran ƙarfi mu ƙarasa Ryogoku.

Hajiya Rabi: To ka nema masa takalmin da ba shi da igiya, don zai yi ta cirewa yana sawa.